Shin Cao Cao Ɗan Tawaye Ne Tun Farko?

Tambaya: Malam, a wasannin kwaikwayon ƙasar Sin da nake kallo ana nuna Cao Cao a matsayin mayaudarin da ya ƙwace mulki daga hannun sarki. Don Allah ina son sanin asalinsa da yadda ya fara, kuma shin tun yana matashi yake da burin tawaye?

Amsa: A'a, Cao Cao, wanda ake furta sunansa kamar "Tsao Tsao", ya fara ne a matsayin ma'aikacin daular Han, kuma ya yi kusan shekara goma sha biyar yana yi mata hidima kafin ya tara rundunar kansa. Mummunan hoton da ka gani ya samo asali ne musamman daga labarin Masarautu Uku da ake jingina wa Luo Guanzhong, wanda aka rubuta fiye da shekara dubu bayan rasuwar mutumin.

An haife shi a shekarar 155 a gundumar Qiao, inda birnin Bozhou na lardin Anhui yake a yau. Gidansu gidan dukiya ne, amma akwai tabo a jikinsa. Mahaifinsa Cao Song ɗan riƙo ne ga Cao Teng, ɗaya daga cikin babannin fada, wato mazan da aka dandaƙe domin hidimar cikin gidan sarki. A wancan zamani babanni suna da ƙarfin faɗa a ji, sai dai manyan gidaje masu ilimi suna raina su matuƙa, don haka yaron ya tashi da kuɗi da hanya, amma ba tare da martabar asali ba. A ganina, wanda bai lura da wannan ba ba zai gane tsananin da ya nuna a farkon aikinsa ba.

An ruwaito cewa yana yaro ya fi son farauta da yawo a kan zama, har baffansa ya riƙa kai ƙararsa wurin mahaifinsa. Wata rana sai ya murguɗe baki a gaban baffan kamar wanda ciwo ya kama, kuma da mahaifin ya zo a guje ya tarar da shi lafiya lau, daga nan bai ƙara yarda da maganar baffan ba. Labari ne mai daɗi, amma ya fito ne daga wani rubutu na ƙasar Wu, abokiyar gabarsa, saboda haka a karɓe shi da taka-tsantsan. Abin da ya fi shahara shi ne hukuncin Xu Shao, masanin halayen mutane, wanda ya ce masa zai zama ƙwararren waziri idan ƙasa tana zaune lafiya, ko kuma gwarzo mai makirci idan ta rikice. An ce dariya ya yi da ya ji haka.

Yana da kimanin shekara 20 aka ba shi kula da tsaron arewacin Luoyang, babban birnin daular. Ya rataye sanduna masu launi biyar a ƙofar ofishinsa, ya ce duk wanda ya karya doka zai sha su ko ɗan gidan wane ne, kuma da aka kama wani dattijo ɗan uwan Jian Shuo, ɗaya daga cikin babannin da sarki yake ji da su, yana yawon dare bayan an hana, sai ya sa aka doke shi har lahira. Jikan ɗaya daga cikin babanni ke nan yake nuna wa duniya cewa shi ba ɗan amshin shatan babanni ba ne. Da aka rasa yadda za a yi da shi, sai aka ɗauke shi daga birnin da sunan ƙarin girma, aka tura shi Dunqiu.

A shekarar 184 tawayen masu ɗaura ƙyalle ruwan ɗorawa ya ɓarke ƙarƙashin Zhang Jue, kuma Cao Cao ya jagoranci mahaya dawakin gwamnati a Yingchuan. Bayan haka ya mulki Jinan, inda ya sa aka tsige jami'ai takwas saboda rashawa, ya kuma rushe wuraren bautar da ake tatsar talakawa da su, har ƙiyayya ta yi masa yawa ya koma gida bisa uzurin rashin lafiya.

Al'amura sun juya ne a 189, lokacin da Sarki Ling ya rasu, wani shugaban mayaƙa mai suna Dong Zhuo ya shiga Luoyang da sojojinsa, ya tuɓe sabon sarki ya naɗa ƙanen sarkin, wato Sarki Xian. Cao Cao ya ƙi muƙamin da ya ba shi, ya sauya suna ya gudu gabas zuwa Chenliu, ya kashe dukiyarsa wajen ɗaukar mayaƙa. A 190, yayin da sauran shugabannin ƙawancen da aka ƙulla don yaƙar Dong Zhuo suka tsaya jan ƙafa, shi ya kai hari, aka ci shi da yaƙi kusa da Xingyang, kibiya ta same shi, kuma da ɗan uwansa Cao Hong bai ba shi dokinsa ba, da wuya ya tsira. Ƙarfinsa na gaske ya fara ne a 192, sa'ad da ya riƙe lardin Yan kuma ragowar 'yan tawayen Qingzhou suka miƙa masa wuya ya zaɓi ƙarfafansu ya mai da su sojojinsa. A 196 ne ya ɗauko Sarki Xian zuwa birnin Xu, ya shiga ba da umarni da sunansa, kuma daga nan zargin da kake ji ya samu tushe. Duk da haka har ya rasu a 220 bai hau gadon sarautar daular ba. Ɗansa Cao Pi ne ya karɓe ta a cikin wannan shekarar.