Tambaya da Amsa: Cunkoso a Wurin Aikin Titi

Tambaya: An rufe layi ɗaya cikin uku ana gyaran titi, amma cunkoson motoci ya kai kilomita 2. Me ke jawo haka?

Amsa: Mai tambaya, lissafi ne. A wurin aiki, layi ɗaya ba ya wuce da mota fiye da kamar 1,600 a awa, saboda direbobi na rage gudu. Layi biyu ke nan 3,200. In mota 4,000 suka iso a awa, 800 za su taru kowace awa; in suka jeru a layi ukun, ga kilomita 2 ɗinka nan.

Babban kuskure shi ne rufe layi farat ɗaya. A titin da ake gudun kilomita 80, a jera robobin alama a karkace tsawon mita 180, allon gargaɗi kuma tun da nisa, domin motoci su haɗe ɗaya bayan ɗaya. Titin da aka karkatar da motoci ma sai an ƙara wa koriyar danjarsa lokaci, in ba haka ba cunkoson can zai koma. Aiki mai nauyi a bar shi sai dare, kuma a ware wa masu tafiya a ƙafa da motar asibiti hanya.