Ku Tambaya Mu Amsa: Kansila a Ingila da Batun 'Yan Luwaɗi da Maɗigo

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Zariya ne, na daɗe a Birmingham ina tuƙin tasi, kuma ina da takardar zama ta dindindin. Mutanen unguwarmu sun matsa mini in fito takarar kansila, saboda ni ke musu zirga-zirga kan matsalar shara da gidajen haya. Uwargida ce ta ce a'a. Ta ce ran da aka tambaye ni ra'ayina kan 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo, in na faɗi abin da addinina ya ce za a tsige ni, wataƙila ma a ɗaure ni, in kuma na faɗi akasinsa na sayar da imanina. Mene ne gaskiyar lamarin?

Daga wani mai karatu a Birmingham, Ingila.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A gaida uwargida, tsoronta yana da tushe, sai dai ta cakuɗa abubuwan da ba hannu ɗaya ke riƙe da su ba. Kujerar kansila daban, jam'iyya daban, kotu kuma daban.

Fara da kujerar. A Ingila, majalisar ƙaramar hukuma ba ta da ikon tsige kansila don ya faɗi maganar da ta ɓata wa mutane rai. A da akwai hukuma ta ƙasa da aka kafa da dokar 2000, wadda ke binciken ɗa'ar kansiloli, har a kai ga dakatar da mutum. Ta wannan hanyar aka yanke wa magajin garin Landan, Ken Livingstone, dakatarwar mako huɗu a 2006 kan baƙar maganar da ya yaɓa wa wani ɗan jarida, kafin babbar kotu ta soke hukuncin. Gwamnatin David Cameron ta rushe hukumar da dokar 2011, ta ce kowace majalisa ta rubuta ƙa'idar ɗa'arta. Abin da wannan doka ta bar wa majalisa ba shi da yawa: a tsawatar maka a bainar jama'a, a nemi ka ba da haƙuri, a tura ka bita, ko a cire ka daga kwamiti. A 2019 kwamitin ɗa'ar ma'aikatan gwamnati ya ba da shawarar a dawo da dakatarwa har ta wata shida, don haka kafin ka cika fom ka tambayi jami'in sa ido na majalisarku inda maganar ta kwana. Wales da Scotland ba su taɓa ajiye bulalarsu ba, a can ana dakatarwa. Abin da ke raba kansila da kujerarsa a Ingila shi ne irin hukuncin ɗaurin wata uku ko fiye, ko ƙauracewa zama har wata shida ba da izini ba, sai kuma ƙuri'a.

Jam'iyya ce mai saurin hannu, kuma ita uwargida ya kamata ta fi jin tsoro. A Janairun 2014, wani kansilan jam'iyyar UKIP a garin Henley, David Silvester, ya rubuta wa jaridar garinsu cewa ambaliyar da ta addabi Ingila a lokacin sakamakon halatta auren jinsi ne. Jam'iyyarsa ta dakatar da shi, daga baya ta kore shi. A 2023 kuma King Lawal, kansilan Conservative a North Northamptonshire, Kirista mai riƙo da addini, ya wallafa a Twitter cewa alfahari zunubi ne, a cikin watan Yuni da 'yan luwaɗi da maɗigo ke bikinsu mai suna Pride, wato alfahari. Aka dakatar da shi daga rukunin kansilolin jam'iyya, ya sha matsi, bayan 'yan watanni aka mayar da shi. Ka lura, a duka biyun jam'iyya ce ta ɗauki mataki, ba alƙali ba, kuma ba wanda ya kwana a gidan yari.

To yaushe ake ɗauri? A nan nake so ka nutsu, don ya faru da Musulmi a garin Derby. A 2010, gab da gangamin 'yan luwaɗi na garin, wasu maza suka riƙa raba takarda a ƙofar masallaci suna kuma cusa ta a ƙofofin gidaje. A jikinta akwai hoton mutum-mutumi a rataye da igiya a wuya, da rubutun da ke cewa hukuncin kisa ne ya dace da masu aikata luwaɗi. Wasu daga cikin waɗanda takardar ta faɗo cikin gidajensu 'yan luwaɗin ne, suka shaida wa kotu irin fargabar da suka shiga. A 2012 aka sami uku daga cikin mutanen da laifi, aka ɗaure su. Dokar da ta kama su ta tanadi hukunci ne kan kalaman barazana da aka yi da niyyar hura wutar ƙiyayya. Ita wannan dokar kuma ta fito fili ta ce sukar wata ɗabi'a ta jima'i, ko kiran mutane su bar ta, ba ya zama laifi don kansa. Saboda haka "addinina bai yarda da wannan ba" magana ce da doka ta bar ka ka faɗa. Tura takardar rataya gidan maƙwabcinka razana shi ne, kuma ni ban ga malamin kirkin da zai kira wannan wa'azi ba.

Inda na ga za ka fi shan wuya shi ne aikin kansilan kansa, na yau da gobe. Dokar daidaito ta 2010 ta jera abubuwa tara da ba a nuna wa mutum bambanci a kansu, kuma addini na ciki, jinsin wanda mutum ke sha'awa ma na ciki. Dokar da ta hana a ƙi ɗaukar 'yarka aiki don ta sa hijabi, ita ce ta hana majalisa juya wa mata biyu baya don suna zaman aure. Ran da kake zaman sauraron koke a ɗakin karatu na unguwa, matan nan biyu za su iya shigowa su ce rufin gidan hayarsu na yoyo, bango ya yi baƙi da danshi, yaron da suke reno yana ta tari. Haƙƙinsu ne ka rubuta wa sashen gidaje, ka bi maganar kamar yadda za ka bi ta limaminku. Harajin majalisa ɗaya suke biya da kai. In ka san zuciyarka ba za ta iya wannan ba, to ka ji maganar uwargida ka zauna a tasinka, wanda ma a cikinsa ba na jin kana tambayar fasinja da wa yake kwana kafin ka kunna mita.

Akwai shari'ar da ake yawan kawowa a nan. Lillian Ladele ma'aikaciyar rajistar aure ce a ƙaramar hukumar Islington ta Landan. Da aka fara rajistar zaman tare na jinsi ɗaya a ƙarshen 2005, ta ce imaninta na Kirista bai bar ta ta yi ba. Rigimar ta kai har kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, kuma a Janairun 2013 ta sha kaye. Amma ita ma'aikaciya ce da aka ɗauka don wannan aiki. Kai zaɓaɓɓe ne, ba wanda zai sa ka ɗaura auren kowa, kuma kotunan Birtaniya suna ba maganar ɗan siyasa sarari fiye da ta ma'aikaci. Kana da damar ƙin goyon bayan ƙudiri, ko ka ƙaurace wa ƙuri'a, ko ka ƙi zuwa gangami. Ladabtarwa in ta biyo baya, daga jam'iyya za ta fito.

Tunda a Birmingham kake, tambayar da za a jefo maka ba za ta wuce ta makarantu ba. Kai shaida ne kan abin da ya faru a 2019, lokacin da iyaye, akasarinsu Musulmi, suka yi ta zanga-zanga a firamaren Parkfield da ta Anderton Park kan darussan da ke nuna wa yara cewa akwai gidajen da iyaye biyun maza ne ko mata. Majalisar birnin da kake son shiga, mai kansiloli 101, ita ta garzaya babbar kotu ta samo umarnin hana zanga-zanga a kewayen Anderton Park, kuma a Nuwamban shekarar alƙali ya tabbatar da shi dindindin. Rigimar tsohuwa ce, fuska kawai ta juya. A 1988 gwamnatin Margaret Thatcher ce ta kafa dokar da ake kira sashe na 28 don hana ƙananan hukumomi tallata luwaɗi, bayan wasu majalisun Landan na jam'iyyar Labour sun fara tallafa wa ƙungiyoyinsu. Scotland ta soke shi a 2000, Ingila da Wales a 2003. Tun 2020 kuwa darasin zamantakewa ya zama dole a firamaren Ingila, kuma daga gwamnatin tsakiya dokar ta fito. Duk ɗan takarar da ya yi wa iyaye alkawarin zai soke darasin in ya zama kansila, yaudararsu yake yi. Abin da kansila zai iya shi ne ya tsaya a kan makaranta ta tuntuɓi iyaye, ta nuna musu littattafan, domin wannan ma doka ta tanada.

Shawarata: kafin ka karɓi tikitin kowace jam'iyya, ka zauna da shugabanninta na mazaɓa ka faɗa musu matsayinka ɓaro-ɓaro, ka ji nasu. In ba ku daidaita ba, ana tsayawa takara ba jam'iyya, kuma a unguwannin Musulmi irin naku ana cin zaɓe haka. Sannan ka koma Facebook ɗinka ka bi tsofaffin rubuce-rubucenka ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ka yi da Hausa. Na tabbata a 2014, da Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi a Najeriya, da yawanmu sun yi sharhin da ba za su so a fassara wa jaridar Birmingham ba. Abokan hamayya na tono irin waɗannan, kuma fassara yanzu latsa waya ce kawai. Haka saƙonnin zauren WhatsApp na 'yan gida, wani na iya ɗaukar hotonsu ya fitar.

Wani abu da ka ambata a wucewa: takardar zamanka ta dindindin ita ta ba ka damar tsayawa, tunda Najeriya na cikin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke zaune a can ba su da wannan dama sai sun zama 'yan ƙasa. Ka kuma gaya wa uwargida kansila a Ingila alawus yake karɓa, ba albashi ba, don haka kada ka sayar da motar.