Haɗa magungunan barci ga mai hawan jini: amsa kan aikin Mama

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce za a yi mata aikin maƙoƙo, tana da hawan jini, cikin magungunan hawan jininta likita ya ce ta ajiye lisinopril ta ci gaba da amlodipine, kuma kin ji wai magani huɗu ko biyar ake haɗawa a sa mutum barci, shi ne hankalinki ya tashi. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren sa barci a nan Legas, kusan kullum ina tsaye a kan marar lafiya a ɗakin tiyata.

Ki kwantar da hankalinki, haɗawar nan ita ce kariyar. Kowane magani da halinsa. Propofol, farin nan mai kama da madara, kafin minti ɗaya ya kwantar da mutum, amma yana sa jijiyoyin jini su saki, sai jinin ya sauka. In an ce shi kaɗai zai yi aikin, sai an ba da mai yawa, faɗuwar ta yi tsanani. Shi ya sa ake fara ba da fentanyl, ya kashe zafi, ya rage yawan propofol ɗin da za a buƙata. To amma su biyun tare suke jan jini ƙasa, don haka dattijuwa kamar Mama kaɗan-kaɗan ake tura mata, ido na kan na'ura. Ketamine kuwa ɗaga jini yake yi, ya ƙara bugun zuciya. Wani lokaci akan haɗa ɗan kaɗan da propofol, wannan ya ja sama, wancan ya ja ƙasa.

Wuri biyu ne muka fi fargaba: lokacin da ake zura bututun numfashi a maƙogwaro, jini kan yi tsalle sama, sai kuma bayan nan kafin a sa wuƙa, jiki ya yi lakwas, jini ya faɗi. Mai hawan jini ya fi kowa wannan lilo. Abin awo na matse dantse duk bayan minti 3 zuwa 5, ephedrine kuma, maganin ɗaga jini in ya faɗi, yana cikin sirinji a gefe tun kafin a fara.

Batun lisinopril, ki bi maganar likita. Yana toshe ɗaya daga cikin hanyoyin da jiki ke bi ya ɗaga jini in ya faɗi, shi ya sa likitoci da yawa ke cewa a ajiye shi awa 24 kafin aiki. Na tuna wani dattijo mai sayar da albasa a Mile 12, ya sha nasa da asuba bai faɗa wa kowa ba, don a ganinsa taimakonmu ya yi. Ana tura maganin barci jininsa ya zube zuwa 70/40. Muka buɗe ƙarin ruwa, aka ba da ephedrine, aka sake, da ƙyar lambar ta fara hawa. Ya tashi lafiya, alhamdulillah, amma ban manta yadda tafin hannuna ya jiƙe da gumi ba.

Don Allah, ranar da likitan barci zai ga Mama, ki zuba duk abin da take sha a leda ki kai masa, har da kwalayen. Kada ki ɓoye jiƙe-jiƙen gida, ko zoɓon da take sha kullum, don shi ma yana saukar da jini, ko tramadol in tana sha saboda ciwon gwiwa. Ba wanda zai yi mata faɗa. Ki tambaya kuma ko gwajin jinin maƙoƙon ya daidaita, domin in bai daidaita ba zuciya na iya gudu a kan gadon aiki.

In da safen an auna an ga ya haura 180/110 aka ce an ɗage, kada ranku ya ɓaci saboda wahalar cunkoson hanya daga Agege. Gara ku sake dawowa. Ki sanar da mu ranar da aka sa, mu sa ta a addu'a.