Filin Tambayoyin Masu Karatu: Littattafai a Kan Ƙaunar Maƙwabci

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Zariya, kuma muna da ƙungiyar karatu ta mata wadda take zama sau ɗaya a wata. A bana mun zaɓi maudu'in ƙaunar maƙwabci, sai dai ƙananan littattafan da muka samu a kasuwa duk ayoyi da hadisai iri ɗaya suke maimaitawa. Waɗanne littattafai za mu nema na addini da na tarihi? Sannan wasu daga cikinmu suna ganin ƙagaggun labarai ɓata lokaci ne a irin wannan batu. Shin haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Shawarata ita ce ku auna kowane littafi da ma'auni ɗaya, wato ko ya kawo muku maƙwabci na zahiri, mai hali da buƙata, wanda zama da shi yake da wahala, ko kuwa ya tsaya ga yabon zaman lafiya a dunƙule. Littattafan da kika ce sun gundure ku galibi daga kashi na biyu suke.

A ɓangaren addini, ku fara da Al-Adabul Mufrad na Imamu Buhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira. Ya jera babuka a kan maƙwabci, kuma abin da ya sa nake fifita shi shi ne yadda yake sauko da maganar zuwa ƙofar gida. A ciki za ku ga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana tambayar Annabi (SAW) wanne daga cikin maƙwabtanta biyu za ta kai wa kyauta, ya ce mata wanda ƙofarsa ta fi kusa. Za ku ga wasiyyar da ya yi wa Abu Zarri cewa idan ya dafa romo ya ƙara ruwa domin maƙwabta su samu. Akwai kuma Abdullahi ɗan Amru wanda aka yanka akuya a gidansa, ya riƙa tambaya ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude. Wannan labari shi kaɗai ya isa zama guda, musamman idan aka haɗa shi da aya ta 36 a Suratun Nisa'i, wadda ta ambaci maƙwabci na kusa da maƙwabci na nesa.

Daga nan ku wuce zuwa Ihya'u Ulumiddin na Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ku nemi sashen haƙƙoƙin maƙwabtaka. Gazali ya ɗaga maganar sama da inda yawancin masu wa'azi suke barinta, domin a wurinsa kame hannu daga cutar da maƙwabci bai wadatar ba, sai an haɗa da jure cutarwar da take fitowa daga gare shi. Ya kawo labarin wani mutum da ɓeraye suka addabi gidansa, aka ba shi shawarar ya ajiye kyanwa, sai ya ce yana tsoron ɓerayen su ji kukanta su gudu zuwa gidajen maƙwabta, ya zama ya so musu abin da bai so wa kansa ba. Duk wanda ya taɓa ganin an karkatar da kwata zuwa ƙofar wani zai gane inda labarin ya dosa.

Idan akwai Kiristoci a cikinku, za su nuna muku misalin Basamariye a Linjilar Luka, sura ta 10, inda wanda ya tsaya ya ɗauki mutumin da 'yan fashi suka raunata ya fito daga ƙabilar da ake ƙyama.

A tarihi, ina ganin ya kamata ku karanta fuskoki biyu, ta alheri da ta sharri. Ku nemi tarihin Amir Abdulƙadir na Aljeriya, wanda John Kiser ya rubuta a 2008. Mutumin nan ya shafe shekara 15 yana yaƙar Faransa kafin ya ajiye makami a 1847, amma da tarzoma ta ɓarke a Dimashƙa a watan Yuli na 1860 aka far wa unguwar Kiristoci, sai ya fita da mutanensa suka riƙa kwaso su zuwa gidansa, har dubbai suka tsira, kuma ya danganta abin da ya yi ga shari'ar Musulunci. Ɗaya fuskar tana cikin littafin Jan Gross da ya fito da Turanci a 2001 da sunan Neighbors, a kan garin Jedwabne na ƙasar Folan, inda a ranar 10 ga Yuli 1941 mutanen gari suka kulle maƙwabtansu Yahudawa a wani rumbu suka cinna masa wuta. Gross ya ce mutum 1,600 aka kashe, binciken hukuma daga baya ya ce aƙalla 340 ne, don haka ku riƙe lissafinsa da hattara, amma an tabbatar da cewa akwai hannun 'yan garin. A nan gida kuma akwai littafin da Imam Muhammad Nurayn Ashafa da Fasto James Wuye suka rubuta tare a 1999, bayan sun kasance abokan gaba a rikicin addini na 1992 a Jihar Kaduna wanda Wuye ya rasa hannu a cikinsa.

Game da ƙagaggun labarai, ban yarda da 'yan'uwanki ba. Littafin addini yana faɗin abin da ya wajaba, tarihi yana faɗin abin da ya auku, amma abin da yake gudana a zuciyar mutum lokacin da maƙwabci ya ishe shi, marubucin labari ne ya fi iya tono shi. A cikin The Brothers Karamazov na Dostoevsky ɗan Rasha, wanda ya kammala a 1880, an kawo zancen wani likita da yake cewa yana ƙaunar 'yan Adam baki ɗaya har yana jin zai iya mutuwa dominsu, amma ba zai iya kwana biyu a ɗaki ɗaya da kowa ba, domin zai tsani wannan saboda yana daɗewa wajen cin abinci, ya tsani wancan saboda mura ta sa yana yawan fyace majina. Ku karanta wannan wuri a jere da maganar Gazali a kan jure cutarwa, ina tabbatar miki muhawarar ranar za ta yi tsawo.

Sai Les Misérables na Victor Hugo, na 1862, wanda Hafiz Ibrahim na Masar ya mayar da wani sashensa Larabci da sunan Al-Bu'asa'u. Tauraron labarin, Jean Valjean, ya fito kurkuku bayan shekara 19, kowa ya kore shi, wani limamin coci ya ba shi masauki, shi kuma ya sace masa kayan azurfa cikin dare. Da 'yan sanda suka komo da shi, limamin ya ce kyauta ya ba shi, ya ƙara masa da matokaran kyandir biyu. Littafin yana da tsawo ƙwarai, kuma Hugo yakan bar labarin ya shiga dogon bayani a kan yaƙin Waterloo da magudanan ruwan birnin Paris, saboda haka bugun da aka taƙaita zai fi dacewa da zaman wata ɗaya.