Tambaya da Amsa: Ta yaya ake sanin abin da ke cikin galaksin da ko ganinta ba a iya yi sosai?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗaliba ce, na karanta cewa wai fashewar hasken gamma ta fi faruwa a galaksin da ba ta da ƙarfe da yawa. To wane irin ƙarfe ne a sama kuma, kuma wa ya je can ya auno?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, wallahi tambayar nan ta yi min daɗi. Fashewar hasken gamma wata walƙiya ce mai tsanani da take zuwa na ɗan lokaci daga can nesa a sararin samaniya, galaksi kuma babban tarin taurari ce. Masu ilimin taurari suna da wata al'ada, duk sinadarin da ya fi haidurojin da hiliyom nauyi ƙarfe suke ce masa, har oksijin da kabon. Wannan "ƙarfen" a cikin taurari ake dafa shi, sai tauraro ya mutu ya watsa shi cikin iskar gas ɗin galaksi, don haka galaksin da ba ta da shi sosai ba ta yi zuri'ar taurari da yawa ba kenan. A Rana ma kanta "ƙarfen" bai kai kashi 2 cikin 100 na nauyinta ba.

Aunawar kuma ita ce ta fi burge ni. In fashewar ta auku tana barin wani haske da yake dusashewa cikin awoyi zuwa kwanaki, sai tauraron ɗan adam irin Swift da aka harba a 2004 ya sanar da inda take cikin daƙiƙoƙi, masu manyan na'urorin hangen nesa irin na Chile da Hawai su juya kanta da gaggawa. Hasken nan sai da ya ratso gas ɗin galaksin kafin ya iso mana, kamar ki haska tocila ta cikin hayaƙi, kuma kowane sinadari akwai launin da yake haɗiyewa, in aka baje hasken kamar bakan gizo sai a ga siraran baƙaƙen layuka a wuraren da aka cinye. A 1997 aka fara karanta irin layukan nan, a fashewar GRB 970508. Abin da za ki so ki sani, ba su cika dogara da layin ainihin ƙarfe ba saboda yana maƙalewa a ƙura ya ɓuya, sun fi yarda da tutiya da farar wuta.

Dalilin ƙarancin kuwa, doguwar fashewa wadda ta wuce daƙiƙa 2 daga ƙaton tauraro take zuwa, wanda cikinsa ya rufta ya zama baƙin rami, wato wurin da ko haske ba ya iya kuɓuta daga cikinsa, kuma dole yana juyawa da gudu sosai kafin ya iya feso hasken. In ƙarfe ya yi masa yawa, haskensa na tunkuɗa ƙarfen waje kamar guguwa, ya yi ta zubar da jikinsa, juyin ya ragu tun kafin ya mutu. Shi ya sa ƙananan galaksi masu yawan haifar taurari suka fi samunta. Amma kar ki ɗauke shi doka, an samu wasu a manyan galaksi masu ƙura da ƙarfe, da can ƙurar ce ke ɓoye su.

Gajerar fashewa labarinta daban, ta 2017 a NGC 4993 ta faru, galaksi mai tsofaffin taurari, nisan shekarun haske kamar miliyan 130, taurarin nutron biyu ne suka yi karo, wato ragowar manyan taurarin da suka mutu suka dunƙule, kuma irin wannan karon da kansa yake ƙera sinadarai masu nauyi irin zinariya.