Me ya sa hasashen yanayi ba ya nisa?

Tambaya: Malam, kwamfutoci sun yi ƙarfi, amma masana sun kasa faɗin ranar da ruwa zai sauka nan da wata guda. Laifin wa?

Amsa: Ɗan'uwa, halin iska ne. A 1961 Edward Lorenz, masanin yanayi a Amurka, ya sake shigar da lissafinsa na hasashen yanayi a kwamfuta, ya sa 0.506 maimakon 0.506127. Ɗan wannan giɓin ya yi ta ninkuwa har sakamakon ya sauya gaba ɗaya. Binciken nan yana burge ni ƙwarai. Tunda ba mai iya auna zafi da iska a ko'ina ba tare da kuskure ba, hasashe kan lalace bayan kusan mako biyu. Na kwana uku kuwa, kada ka raina shi.