Tambayi Bakanike: Tankin babur ɗina na yoyo, mai walda ya ce sai na juye man

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga, barka da ƙoƙari. Ni ɗan acaɓa ne a Azare, Boxer nake ja shekara uku kenan. Kwana biyun nan naga tankin na tsatsafo ta ƙasa wajen da ya haɗu da kujera, da safe sai in tarar ƙasa ta jiƙe, na goga sabulu ya tsaya kwana ɗaya ya dawo. Na kai wa mai walda ya ce in je in juye man in kawo, matsalar kuma jiya jiyan nan na cika shi, kuma kasan yadda mai yake yanzu. Abokina ya ce in zura tiyo in zuƙa da baki kawai ya zubo. Dan Allah ya zan yi in juye ba tare da nayi asara ba, kuma in na juye shikenan za a iya waldar?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'a a sana'a. Tambayarka biyu ce, kuma ta biyun ta fi tayar min da hankali, amma bari mu fara da ta farkon tunda ita ce ke damunka. Ba na ganin laifinka da kake jin ciwon man nan, kafin 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi lita a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa, tankin Boxer kuma yana cin kusan lita goma, kaga kuɗin cefanen kwanaki ne a ciki.

Maganar tiyo da baki ka ajiye ta gefe, babur irin naka ba ya buƙatarta sam, saboda tankin na sama kafireta na ƙasa, man da kansa yake gangarowa. Ka kashe babur ka barshi ya huce sosai, sai ka iya ɗora hannu a kan injin da salansa ba ka ji zafi ba. Ka fito da shi fili inda iska ke kaɗawa, kar ka yi a zaure ko cikin shago, kuma ka waiga ka duba maƙwabtanka, mai shayi, mai ƙosai, mai tsire, wanda ya tayar da janareta, wanda ke shan sigari, duk ka yi nesa da su. Ka cire wayar batir, baƙar ita ake fara cirewa. Ka ajiye bokitin yashi kusa da kai, domin in wuta ta kama fetur ruwa ba ya kashe ta, sai dai ya ɗauke ta ya yaɗa, tunda fetur a saman ruwa yake yawo.

Daga nan sai ka murɗa makullin mai zuwa OFF, ka zare tiyon daga jikin kafireta, ka saka bakinsa a cikin jarka mai tsabta wadda ta bushe, jarkar kuma a ƙasa za ka ajiye ta, kar wani ya riƙe maka a hannu, balle lokacin hunturu da komai ya bushe har riga ma tana ƙyasta wuta in ka cire ta. Buɗe murfin tanki don iska ta shiga, sannan ka mayar da makullin kan RES, wato rizab. Mutane da yawa a nan suke kuskure, su bar shi a ON, mai ya tsaya su ɗauka ya ƙare. A cikin tankin bututu biyu ne, na ON dogo ne yana tsaye sama, na rizab gajere ne a gindi, in ka bari a ON za ka bar sama da lita guda a ciki ba ka sani ba. In ya fara ɗiga sai ka karkato babur ɗin ta ɓangaren makullin, domin tankin kamar sirdi yake a kan ƙarfen babur, ɗaya gefen yana riƙe mai. Bayan nan ka kwance notin da ke ƙarƙashin kujera, in akwai wayar gejin mai ka zare ta a hankali, ka ɗauke tankin gaba ɗaya ka girgiza ka tsiyaye ragowar. Ƙarƙashin kafireta ma akwai ɗan sukuru, sassauta shi ka tari abin da ke ciki a gwangwani.

Masu roba-roba da ke karanta mu, naku tankin yana ƙarƙashin kujera, kuma wasu makullinsu ba ya sakin mai sai injin na aiki. Ku nemi ɗan famfon roba da ake matsawa da hannu, in babu ku nutsar da tiyon cikin man har ya cika, ku toshe bakin da babban yatsa, ku zaro ku sauke shi ƙasa da tanki ku saki, zai zubo ba tare da baki ya taɓa shi ba.

Man da ka juye kar ka cika jarka fam, bar mata sarari domin fetur na kumbura da zafi, ka rufe ka ajiye a inuwa nesa da ɗakin kwana da madafi. In za ka mayar ka tace da ƙyalle mai tsabta a bakin mazurari. Da wuya ka yi asarar ko rabin lita.

Toh yanzu tambayarka ta biyu, in na juye shikenan za a iya walda? A'a ƙanena, wallahi ba shikenan ba. Tankin da aka juye yanzun nan shi ne lokacin da ya fi kowane lokaci haɗari. Abin da ke kamawa da wuta a fetur tururinsa ne, wannan warin da kake ji, kuma yana fashewa ne in ya gauraya da iska daidai gwargwado, tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari. Cikin tanki mai lita goma, fetur ɗin da zai ba da wannan gaurayen bai kai ƙaramin cokalin shayi ba. Ka tuna kuma tankin da ya shekara uku yana aiki akwai tsatsa a ciki, akwai lungunan da aka haɗe ƙarfe da ƙarfe, duk sun sha mai sun riƙe, wutar walda na taɓa ƙarfen ya yi zafi sai su saki tururi, ga iska ta cika tankin, ga wuta a jiki, me ya rage? Kada wani ya karanta wannan ya ce to bari in yi walda da mai a cike, wannan kuma gobara ce kai tsaye.

Ni ganau ne ba jiyau ba. Ina yaron shago aka kawo wani tanki, mai shi ya rantse kwana uku da juyewa har shanya shi ya yi a rana da murfi a buɗe. Mai waldar da ke kusa da mu dattijo ne da ya fi shekara ashirin a sana'ar, ya sansana ya ce ba komai, ya kunna wutar gas ɗinsa. Ƙarar da muka ji har yau tana kunnena, tankin ya buɗe kamar an fasa ƙwarya, fuskarsa da hannunsa suka ƙone, kunnensa ɗaya bai sake ji da shi ba har ya bar duniya, Allah ya jiƙansa. Mutane suka taru ana ta cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka ne mun yarda da ƙaddara, amma bokitin ruwa biyu da omo na naira kaɗan aka tsallake ranar, kuma abin na ci min rai duk sanda na tuna shi domin mutumin kirki ne, shi ya fara koya min riƙe guduma.

Abin da za ka yi, bayan ka tsiyaye ka cire makullin mai da gejin da murfi, duk wata ƙofa ta zama a buɗe. Ka zuba ruwan zafi da omo ka girgiza da ƙarfi ka zubar, ka maimaita sau uku sau huɗu har sai ka kai hanci ba ka ji warin fetur ba, in ka ji ko kaɗan ka sake. Ruwan wankin kar ka zuba a kwata ko kusa da rijiya, tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa-ƙasa yake bi, yana iya bin kwata ya je ya tarar da murhun wata baiwar Allah a gida na uku. Lokacin waldar kuma a cika tankin da ruwa, a jingine shi yadda wurin da ya huje zai zama a sama, ruwan ya zo dab da shi, ƙofar tankin da ta zama a sama a bar ta a buɗe. In an gama a busar da shi sarai kafin a zuba mai, in ba haka ba tsatsa za ta dawo maka da sabon rami.

Wasu masu walda na zura bakin salansar wani babur a tanki su ba shi wuta wai hayaƙin ya kori tururin. Dabarar na da tushe, amma ni ba na dogara da ita ita kaɗai, domin babur ɗin da kafiretarsa ba ta saitu ba hayaƙinsa ma ɗauke yake da ɗanyen mai. Wasu kuma ashana suke ƙyastawa a bakin tankin wai ya ci ya huce, in ka ga mai waldarka zai yi haka ɗauki tankinka ka tafi wani wuri. Sannan ka duba ramin da kyau kafin komai, in ɗan tsatsafo ne kamar bakin allura, gam ɗin nan mai kwaɓi biyu da ake haɗawa yana riƙewa in an kankare wurin an busar, ba sai an kai ga wuta ba. In kuwa ka danna gindin tankin da sukundireba ka ji ya yi laushi duk tsatsa ta cinye, kar ka wahalar da kanka, a toshe nan ya ɓalle can, ka nemi wani tankin.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ɗana ɗan shekara 14 yana koyon gyaran babur a nan Gusau, shekaranjiya ogansa ya sa shi zuƙo mai da tiyo ya haɗiye, suka ba shi manja ya yi amai, tun daga nan yake tari da zazzaɓi. Maƙwabta sun ce in ƙara masa madara zai wuce. Haka ne?

AMSA: Hajiya, dan girman Allah ki ajiye madarar ki kai yaron nan asibiti yau, kar ki jira gobe, kuma ki faɗa wa likita ainihin abin da ya faru, cewa fetur ya sha kuma ya yi amai. Ni bakanike ne amma wannan abu ne da likitoci suka daɗe suna jan kunne a kai. Fetur da kananzir in sun sauka ciki illarsu ba ta kai in sun shiga huhu ba, kuma amai shi ne hanyar da suke bi su shiga huhun, ɗigo kaɗan ya isa ya kumbura shi. Tari da zazzaɓi da numfashi sama-sama bayan haka alama ce da ba a wasa da ita. Manja da madara da muka gada ana ɗura wa yara ba sa kashe dafin fetur, sau da yawa ma su ke jawo aman. Wanda ya haɗiyi fetur a kuskure masa baki, a cire masa kayan da suka jiƙe a wanke jiki da sabulu, in ya shiga ido a yi ta zuba ruwa mai tsabta kamar minti 15, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, a nufi asibiti. Allah ya ba shi lafiya.

'Yan uwana masu gareji kuma, amanar Allah ce aka ba mu yaran nan. Abin da ba za ka sa ɗan cikinka ya yi ba kar ka sa ɗan wani. Har wanke hannu da fetur da muka saba ya kamata mu rage, yana ratsa fata, kuma akwai sinadarin benzin a cikinsa wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini ga masu daɗewa suna mu'amala da shi.

TAMBAYA: Oga daga Maraɗi nake, kabu-kabu nake yi. Na sha mai na kwalba a bakin hanya, tun ranar babur ke shaƙewa yana mutuwa, musamman in na sa rizab. Sai na zubar da man duka?

AMSA: Ɗan uwa wannan da ka ce ya fi yi a rizab shi ya nuna min ruwa ne ko datti, domin ruwa ya fi fetur nauyi, gindin tanki yake kwanciya, rizab kuma daga gindin yake ja. Ba sai ka zubar ba. Juye shi kamar yadda na faɗa wa na Azare, amma a cikin jarka fara da za ka iya hangen cikinta, ka barshi ya kwanta kamar awa ɗaya, za ka ga ruwan ya ware a ƙasa da layinsa. Tsiyaye na saman a hankali ka tace, na ƙasan ka bari. Ka sassauta sukurun kafireta ka zubar da na cikinta, ka kwance ɗan kofin da ke ƙarƙashin makullin mai in naka na da shi ka wanke ragar, ka duba filogi. In man ya fito gurɓatacce kamar ruwan kamu ya ƙi rabuwa, to an gauraya shi da wani abu, irin wanda aka shigo da shi Najeriya a Fabrairun 2022 mai yawan sinadarin metanol da ya lalata wa mutane injuna, wannan kam kar ka mayar. Ka duba robar murfin tankinka ma, in ta tsage ruwan sama da na wanki ta nan suke shiga, wataƙila ba laifin mai kwalbar ba ne.